Darasin Balaga Ya Shiga Tsakanina da Mahaifina

Wani ɗalibi ya rubuto mana yana cewa:

"Malam, ina shekara ta biyu a jami'a. A zangon da ya wuce an koya mana darasi kan balaga, wato fasahar iya magana, da dabarun shawo kan mutane, da yadda ake gina hujja, kuma ni na fi kowa maki a ajinmu. Amma tun daga lokacin zamana da mutane ya lalace. Duk wanda ya buɗe baki sai in riƙa hango dabarar da yake amfani da ita. Wani abokina ya zo yana ba ni labarin halin da yake ciki har idonsa ya ciko, ni kuwa a raina cewa nake yi so yake ya motsa min zuciya. Abin da ya fi damuna shi ne na mahaifina. Na gaya masa ina so in haɗa ɗan abin da na tara da na wani abokina mu fara sana'a, ya ce kada in yi, ya girme ni, ya ga abin da ban gani ba. Na ce masa shekaru ba hujja ba ne, wannan sanannen kuskure ne da ake kira fakewa da matsayi. Ya dube ni ya ce to, ya tashi. Yau mako uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, ƙanwata har kuka ta yi ta ce na canza. Ni dai na san a bisa ƙa'ida ban yi kuskure ba. Akwai kashi na biyu na darasin a zango mai zuwa, in bar shi ne? Kuma wannan ilimi ba koyon yaudara ba ne kawai?"

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da nake so ka fara sani shi ne ba a kanka aka fara shiga wannan hali ba, har ma an rubuta shi a littafi fiye da shekara 2300 da suka wuce. Aflatun, malamin falsafa na birnin Atina a ƙasar Girka, ya siffanta samari a lokacin da suka fara ɗanɗana muhawara. Ya ce sukan mayar da ita wasa, su riƙa musanta duk abin da aka faɗa, suna kwaikwayon waɗanda suka taɓa kayar da su a magana, suna jin daɗin ja da yagar duk wanda ya matso kusa da su kamar yadda 'yan kwikwiyo ke yi. Kada misalin ya sosa maka rai, domin abin da ya biyo bayansa ne ya fi shafarka: ya ce idan suka kayar da mutane da yawa, su ma aka sha kayar da su, sai su wayi gari ba su yarda da komai ba daga cikin abin da suka riƙe a da. Tsoron haka ne ya sa ya ga bai kamata a bar mutum ya kutsa cikin ilimin muhawara ba sai ya kai shekara 30. Ban goyi bayansa a kan wannan jinkiri ba, domin masu talla da 'yan siyasa da masu tura saƙo ta waya ba sa jiran kowa ya kai 30 kafin su fara aiki a kansa, amma ciwon da ya hango gaskiya ne.

Na daɗe ina lura da ɗalibai a makonnin farko na irin wannan darasi, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai wanda zai ɗaga kafaɗa ya ce ai duk mun san wannan, suna kawai aka raɗa masa. Shi yana da rabin gaskiya, tunda yaro ɗan shekara biyar ma ya san wanda zai fara roƙa tsakanin uwa da uba, ya kuma san lokacin da roƙon zai karɓu. Akwai wanda zai yi gum, ya kasa faɗin ra'ayinsa a aji don tsoron kada a kama shi da gurguwar hujja. Amma masu ƙoƙari irinka su ne suka fi tsaya min a rai, saboda abu biyu ke kama su lokaci guda: daɗin sabon makami a hannu, da ƙyamar gano cewa ashe kowa ma yana riƙe da irinsa. Na farkon ne ya kai ka ga abin da ka faɗa wa mahaifinka, na biyun kuma shi ya tsaya tsakaninka da hawayen abokinka.

Bari in fara da mahaifinka, domin nan ne gyara yake da gaggawa, kuma nan ne zan saɓa maka ba tare da kwana-kwana ba. Ka ce a bisa ƙa'ida ba ka yi kuskure ba. Ka yi, kuma a bisa ƙa'idar wannan darasin da ka fi kowa maki a cikinsa.

Mutane a zancensu na yau da kullum ba sa shimfiɗa hujja tun daga tushe har reshe. Idan wani ya ce maka, "Ɗauki laima, hadari ya haɗo," ba ya tsayawa ya ƙara da cewa hadari yakan kawo ruwa, ruwa kuma yakan jiƙa mutum, domin ya san za ka cike gurbin da kanka. Aristotil, almajirin Aflatun, wanda ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, ya ɗauki irin wannan gajeriyar hujja, wadda ake barin wani sashenta a zuciyar mai sauraro, a matsayin ƙashin bayan fasahar shawo kai. A shekarar 1958 kuma wani masanin falsafa Ba'ingile, Stephen Toulmin, ya sake fasalta abin ta hanyar da mai yiwuwa an zana muku a allo: akwai da'awa, akwai dalilin da ta dogara a kansa, akwai kuma gadar da ke haɗa su, wadda galibi ba a furta ta. Aikin wanda ya koyi wannan shi ne ya nemo gadar. Kai kuwa da ba ka ji an furta ta ba, sai ka yanke cewa babu ita.

Mahaifinka ai bai ce yawan shekaru kaɗai ke mayar da magana gaskiya ba. Maganarsa tana da kashi na biyu, wanda kai da kanka ka kawo shi a wasiƙarka: ya ga abin da ba ka gani ba. Shaida ce ya miƙo maka a dunƙule. Ba mamaki a cikinta akwai mutanen da ya sani waɗanda suka haɗa dukiya ba su rubuta komai ba, akwai ribar da ta shigo aka rasa yadda za a raba ta, akwai asarar da kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa, akwai abota ta shekara da shekaru da ta mutu a kan lissafin wata ɗaya. Kalma huɗu ne za su kwance maka wannan ƙulli, "Baba, me ka gani?", da kuwa ka samu duk hujjar da kake cewa babu.

Fakewa da matsayi yakan zama kuskure ne idan mai maganar ya fita daga fagen da ya sani, ko kuma idan ana iya bincika abin amma ya hana a bincika. Da mahaifinka ya ce wannan magani ya fi wancan don kawai ya girme ka, alhali shi ba likita ba ne, da sai in ce kana da abin faɗa, ko da yake ba da irin wancan lafazi ba. Amma yadda kuɗi ke sauya halin aboki abu ne da ake koyonsa da daɗewa cikin mutane, kuma a wannan fage ya riga ka nesa ba kusa ba. Aristotil ɗin nan, wanda shi ya fara tsara ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, ya rubuta a littafinsa na ɗabi'u cewa ya kamata a saurari maganganun dattawa da waɗanda suka goge ko da ba su kawo hujja a kansu ba, kamar yadda ake sauraron abin da aka kafa wa hujja, domin gogewa ta ba su idon da suke ganin daidai da shi. Mu ma ai muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A wani wuri kuma Aristotil ya ce abu uku ke sa a amince da mai magana: hankalinsa a kan al'amuran rayuwa, da nagartar halinsa, da son da yake yi wa mai sauraro na alheri. Ka ɗora mahaifinka a kan wannan ma'auni, musamman na ukun, sannan ka gaya mini mutum nawa ne a duniya za su fi shi nauyi a wurinka.

Akwai wani abu kuma da ɗalibai kan manta da shi cikin zumuɗin kama kuskure. Ko da hujjar mutum ta zo a karkace, wannan bai nuna abin da yake faɗa ƙarya ne ba, abin da ya nuna kawai shi ne bai kafa shi da kyau ba. Mutum yana iya gaya maka gada ta karye ya kawo dalili maras kai, kuma gadar ta karye ɗin. Saboda haka ko da an ba ka gaskiya a kan lafazin mahaifinka, tambayar ko ya dace ka haɗa kuɗi da abokinka tana nan inda ka bar ta, ba ka amsa ta ba.

Sai kuma babban kuskuren da ka yi. Malaman balaga na Larabci, tun daga Abdulƙahir Al-Jurjani wanda ya rasu a 1078 har zuwa Al-Ƙazwini wanda ya rasu a 1338, sun yi ta tace wannan ilimi, kuma ma'anar da ta zauna a littattafan karatu ita ce balagar magana ita ce dacewarta da abin da hali yake bukata, tare da fasaharta. Halin da kake ciki a ranar shi ne uba yana jin tsoro a kan ɗansa. Amsar da ka ba shi ta zauren muhawara ce, inda alƙalai ke riƙe da takardar maki. Shi abin da ya shiga kunnensa shi ne rayuwar da ya yi ba ta cikin lissafi, kuma ɗansa ya samo mata suna a littafi. Wannan "to" da ya faɗa ya tashi, kada ka ɗauke ta a matsayin an gamsu. Mutum ne ya ga an rufe ƙofa, ya ƙi tsayawa yana ƙwanƙwasawa.

Yanzu ga tambayarka ko wannan ilimi koyon yaudara ne. Ita ma tsohuwar tuhuma ce. A shekarar 427 kafin Miladiyya wani gwanin magana mai suna Gorgiyas ya zo Atina daga tsibirin Sisili a matsayin jakada, ya ɗauke hankalin mutanen birnin da salonsa, daga baya ya yi suna wajen koyar da fasahar ana biyansa. Aflatun ya rubuta wata muhawara da sunan Gorgiyas, inda ya sa malaminsa Sokaratis yana cewa wannan abu bai kai a kira shi ilimi ba, gwanintar faranta rai ce kawai, kuma bambancinsa da adalci kamar bambancin mai daɗaɗa girki ne da likita: ɗaya yana neman abin da zai yi wa baki daɗi, ɗayan yana neman abin da zai amfani jiki. To amma a cikin wannan rubutun dai, Gorgiyas ya ba da labarin cewa ya sha raka ɗan'uwansa likita wajen marasa lafiya da suka ƙi shan magani ko suka ƙi yarda a yi musu aiki, likitan ya yi iya yinsa ya kasa, shi kuma ya lallashe su suka yarda. Ni wannan misali ya fi tsaya min fiye da sauran gardamar. Likita yana da gaskiya a hannunsa, amma maganin bai wuce maƙogwaron maras lafiya ba sai da aka samu wanda ya iya magana.

Amsar Aristotil ga malaminsa ita ce wadda har yanzu ban ga wadda ta fi ta ba. Ya ce idan ana tsoron mai fasahar magana zai yi ɓarna da ita, to haka ma ƙarfi da lafiya da dukiya da iya jagorancin yaƙi, duk ana amfana da su ana kuma cutarwa da su. Ya ce abin mamaki ne a ɗauki kasa kare kai da jiki a matsayin abin kunya, amma a ƙi ɗaukar kasa kare kai da magana a matsayin haka, alhali magana ta fi zama siffar ɗan Adam. Ka kuma lura da yadda ya fassara fasahar: iya ganin abin da zai gamsar a kowane al'amari. Aikin ido ne kafin ya zama aikin harshe. Wannan ba ya nufin babu haɗari. A hadisin Ummu Salama wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, to duk wanda aka ba shi haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yanki ne na wuta aka yanka masa. Hadisin ya tabbatar da cewa iya magana yana iya rinjayar mai gaskiya, kuma ya ɗora nauyin a wuyan wanda ya ci haƙƙin da bakinsa.

Kuskuren da ke damunka a yanzu shi ne ka ɗauka gano dabara daidai yake da kama maƙaryaci. Abokinka ya motsa maka zuciya, haka ne. Amma tausayi da fushi da tsoro ba daga sama suke faɗowa ba, kowannensu yana tsaye ne a kan wani abu da mutum ya yarda ya faru. Idan abin da abokinka ya faɗa gaskiya ne, kuma nauyinsa ya kai a yi kuka, to hawayen suna cikin labarin, kuma wanda ya saurara bai ji komai ba shi ne bai fahimta ba. Idan kuwa kana shakka, abin bincike shi ne ko lamarin ya faru, kamar yadda duk mai hankali zai yi ko bai taɓa shiga aji ba.

Ga wani gwaji da nake ba ɗalibai, wanda ya fi haddace sunayen kurakurai amfani. Ka ƙaddara mai maganar ya bayyana dabararsa a fili, sannan ka duba ko za ta ci gaba da aiki. Da abokinka ya ce, "Ina gaya maka wannan ne don ka tausaya min ka taimake ni," babu abin da zai ragu daga maganarsa, domin dama abin da yake nufi ke nan. Amma da mai talla zai ce, "Na ce saura biyu kuma yau ne ƙarshe don kada ka samu lokacin yin tunani," nan take cinikin zai watse. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Robert Cialdini, ya shafe kusan shekara uku yana shiga wuraren horar da masu sayar da kaya da masu tara gudummawa kamar shi ma ɗan koyo ne, sannan a 1984 ya fitar da hanyoyi shida da ya ga sun fi dogara da su, daga ciki akwai nuna cewa abu ya kusa ƙarewa, da nuna cewa kowa ya riga ya karɓa, da ba ka ƙaramar kyauta don ka ji nauyin ramawa. A irin waɗannan wurare sabon idonka yana da amfani ƙwarai. Duk wanda yake gaggauta ka, yake hana ka shawartar wani, yake jin haushi idan ka nemi ganin takarda, to ka sa masa ido yadda aka koya maka. Mahaifinka kuwa cewa ya yi ka dakata, abokinka kuma bai ɓoye maka abin da yake so ba.

A ranar ƙarshe ta rayuwar Sokaratis a kurkuku, a shekarar 399 kafin Miladiyya, Aflatun ya nuna shi yana gargaɗin abokansa kada su zama maƙiya hujja. Ya ce ƙin hujja da ƙin mutane hanya ɗaya suke shigowa: mutum ya amince da wani ba tare da sanin halin mutane ba, a ci amanarsa, ya sake amincewa a sake ci, daga nan sai ya yanke cewa babu na kirki ko ɗaya, alhali abin da ya kamata ya tuhuma shi ne ƙarancin ƙwarewarsa wajen tantancewa. Wanda ya yarda da kowa da wanda ya ƙi yarda da kowa, dukansu sun huta da wahalar tantancewa, ita kuwa wannan wahalar ita aka tura ka aji ka koya.

Ka sake karanta wasiƙarka da wannan idon. Ka buɗe ta da cewa kai ka fi kowa maki, don in ɗauke ka da muhimmanci. Ka kawo kukan ƙanwarka, don in ji nauyin abin. Ka rufe da cewa a bisa ƙa'ida ba ka yi kuskure ba. Mutuncin mai magana, da zuciyar mai sauraro, da hujja, ga su nan duka uku a jere, kuma ban ji ka yaudare ni ba ko kaɗan, domin damuwarka ta gaskiya ce. Abin da ka yi mini shi abokinka ya yi maka. Ba laifinka ba ne kai kaɗai da ba ka gani ba: a 2002 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Emily Pronin, da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa mutane suna saurin hango son zuciya a tunanin wasu, amma kowa yana ganin nasa bai kai na sauran ba. Shi ya sa wurin da ya fi cancanta ka fara gwada wannan ilimi shi ne maganarka. Wace gada ce kai ba ka furta ba a batun sana'ar nan? Ina jin ita ce, "Tunda abokina ne ba zai cuce ni ba." Ka auna ta da tsananin da ka auna ta mahaifinka.

Game da kashi na biyu na darasin, ka yi rajista ka shiga. Rabin wannan ilimi ya fi rashinsa cutarwa, kuma rabin da ka samu shi ne na rushewa, wanda shi ya fi sauƙi. Na tuna wata ɗaliba da aka ba ajinsu aikin kare ra'ayin da kowa ya fi ƙi. Ta kawo takardarta ta ajiye a kan tebur fuskarta a ɗaure, ta ce, "Malam, ba na son wannan takarda, saura kaɗan ta gamsar da ni." Ba ta sauya ra'ayi ba, amma daga ranar ban ƙara jin ta kira masu wancan ra'ayi jahilai ba, kuma hujjojinta suka ƙara ƙarfi domin ta san inda za a ɓullo mata.

Kafin zangon ya zo, ka yi wa kanka doka ɗaya: kada ka ƙara kiran sunan wani kuskuren hujja a gaban mutum a wajen aji. Sunayen nan an yi su ne don tunaninka. Idan ka ji an karkatar da maganarka, ka ce, "Ba haka nake nufi ba, ga abin da nake nufi." Idan an bar maganarka an koma kanka, ka ce, "Na ji, amma mu koma kan batun." Aikin ya yi, kuma babu wanda aka muzanta. Carl Rogers, wani masanin halayya, ya ba da shawara a farkon shekarun 1950 cewa idan gardama ta yi zafi, kada kowa ya faɗi nasa sai ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa har shi mai maganar ya yarda an faɗe shi daidai. Ka gwada za ka ga wuyarsa, za ka kuma ga sau nawa kake musu da abin da ba a faɗa ba. Masana balagar Girka da Rum suna da wata tsohuwar dabara da ke taimakawa a nan, ta gano inda saɓanin ya tsaya: shin abin ya faru, mene ne sunansa, kuma yaya girmansa. Abokin ɗakinka ya ɗauki littafinka bai tambaya ba, kai kana ta kafa hujjar cewa ya ɗauka, shi kuwa bai musa ba, cewa yake yi aro ne. Kuna iya kwana kuna ɗaga murya alhali ba tambaya ɗaya kuke amsawa ba.

Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111 bayan ya yi fice a muhawara a Bagadaza, ya yi dogon bayani kan cututtukan da munazara, wato muhawara, ke haifarwa a zuciya, irin su hassada da girman kai da riƙo da ƙin gaskiya idan ta fito daga bakin abokin hamayya. Ya ce ya kamata mai muhawara ya zama kamar wanda abinsa ya ɓata yana nema, bai damu ba ko shi ya gani ko mai taya shi nema, kuma ya ɗauki abokin muhawararsa mataimaki. Ya kuma fifita a yi ta a keɓe a kan a yi ta a gaban taro, domin idon jama'a yana sa mutum ya kafe a kan abin da ya san ba daidai ba ne.

Wannan na ƙarshen shi za ka fara da shi. Ka samu mahaifinka shi kaɗai, a lokacin da hankalinsa yake kwance, kada ka bari a shiga mako na huɗu. Ka ce masa, "Baba, amsar da na ba ka ranar nan ba ta dace ba, ka yafe mini." Kada ka biyo ta da "amma", kada ka yi bayanin abin da littafi ya ce, domin duk bayanin da ya biyo bayan ban haƙuri janye shi yake yi. Idan ya sake, ko a ranar ko bayan kwana biyu, sai ka yi masa tambayar da ya kamata ka yi tun farko, ka ce kana so ya ba ka labarin abin da ya gani. Ka saurara har ya gama ba ka shirya amsa a ranka ba. Mai yiwuwa ka fito ka fasa sana'ar, mai yiwuwa kuma ka ga tsoronsa duk a kan rashin rubutacciyar yarjejeniya yake, sai ka tambaye shi ko zai yarda idan aka rubuta abin da kowa ya zuba, da yadda za a raba riba da asara, da yadda za a rabu idan ɗaya ya so fita, shi kuma ya zama shaida. Daga nan ka nemi ƙanwarka ka gaya mata kun yi magana da Baba. Abokinka kuma ka je har inda yake, ka tambaye shi inda aka kwana a kan matsalar da ya kawo maka, da abin da yake bukata a yanzu.